Karatun Aku a Ajin Adabi

Sati biyu ke nan ban shiga ɗakin watsa shiri ba. Masassarar cizon sauro ta ƙarshen damina ta kayar da ni a nan Maraɗi, sai da aka yi mini ƙarin ruwa, muryar da nake neman abinci da ita ta dishe. Ina kwance kan tabarma, baki ɗaci, sai ga ɗiyar yayana mai shekara 16 da littafin rubutunta.

"Gwaggo, sannu da jiki. Don Allah ki riƙe mini in biya hadda."

An ba su aiki ne kan Une si longue lettre, littafin Mariama Ba ta Senegal, wanda ya fito a 1979. Yarinya ta zubo shafi biyu da Faransanci ba gargada: sunayen taurari, jigo, salo, duk kamar yadda aka rubuta musu a allo. Da ta kai aya na ce, "Ɗiyata, wane zama Ramatulayi take yi lokacin da take rubuta wa Aisatu wasiƙar?" Ta ba ni amsa da Faransanci. Na ce da Hausa fa? Shiru.

Na ce mata takaba ce, wata huɗu da kwana goma. Ta zaro ido ta ce, "Irin wadda kakata ta yi bara?"

Wallahi nan na manta da ciwon kai, ɓacin rai ya maye gurbinsa. Wannan yarinya ita ta riƙa kai wa kakarta ruwa har ta fita takaba. Ta san kishiya, ta san gulmar zaman makoki. Amma ba wanda ya gaya mata labarin gidansu ne a cikin littafin. Littafin ma ba ta taɓa riƙe shi ba. Taƙaitawarsa aka ba su.

Na sa ta ɗauko tsohon kwafina. Tana karantawa, ina tsayar da ita da ƴar muryar da ta rage mini, muna juya magana da Hausa. Da ta gane Modu ya auri Binetu, ƙawar ɗiyarsa Daba, ya watsar da uwar ƴaƴansa goma sha biyu, sai ta ajiye littafin ta kama faɗa kamar a gabanta aka yi. Muka yi gardama: wa ya fi gaskiya, Aisatu da ta kwashe ƴaƴanta ta bar gidan miji, ko Ramatulayi da ta zauna? Har aka kira magariba ba mu daidaita ba. Ranar ce na fara cin tuwo.

Ga maganata ga malaman adabi: abin da kuke yi karatun aku ne. Na san uzurinku. Aji ya cika maƙil, littattafai sun yi ƙaranci, jarrabawa kuma da Faransanci ake rubuta ta. Duk na yarda. Amma kwafi ɗaya ya isa malami ya karanta wa aji da babbar murya. Minti biyar na Hausa ko Zabarmanci bai taɓa kayar da ɗalibi ba, hasali ma wanda ya gane labari da harshen uwarsa shi ne zai sami abin faɗa da na wani. Wanda ya haddace taƙaitawa, da an juya tambaya ya zama baƙo.

Mu ƴan rediyo ma laifi tudu ne. Muna ɓata sa'o'i kan gaishe-gaishe da tallar magani, amma ba mu da rabin sa'a ta karanta wa jama'a Sarauniya na Abdullahi Mamani, alhali Lugu, garin da aka yi yaƙin a 1899, a ƙasarmu yake.

Mariama Ba ta rasu a 1981 bayan doguwar jinya, littafinta na biyu bai ma fito ba. Ina kwance na yi ta tunanin wannan: mace ta ƙarar da ƙarfinta ta rubuta, mu kuma mun mayar da aikinta shafi biyu na hadda.

Da zarar murya ta dawo zan nemi rabin sa'ar nan wajen shugabanmu. Ɗiyata ta riga ta ce ita za ta karanta babin farko.