Wacken da kalankuwa: abin da hani ke jawo wa ƙauyukan Gaya

Mutanen ƙauyen Wacken, a arewacin Jamus, kimanin 2,000 ne, amma wajajen farkon Agusta yakan karɓi baƙi kusan 85,000, masu kafa tantuna a gonaki domin bikin kiɗan rock da metal da aka soma a 1990. Manoma na ba da hayar filaye, masu shirya bikin kuma na tanadar tsaro da ruwa da likitoci.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin irin wannan taro: kalankuwa, bikin kaka mai tara matasa da makaɗa daga ƙauyuka. Sai dai a Kano hani ya fi tsari saurin fitowa. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta haramta bikin "Ƙauyawa Day".

Damuwar iyaye kan tarbiyya abin dubawa ce, amma taron da aka hana yakan koma ɓoye, inda babu mai sa ido. Masarautar Gaya, mai riƙe da Gaya da Ajingi da Albasu tun 2024, na iya gindaya sharuɗɗa: rajista, lokacin tashi, raba masauki. Ta haka mai tuwo da mai shayi a Balan za su ci kasuwa.