Rediyon Baffa da Yaƙin Bagadaza

A hunturun 1991 ina aji shida a firamare, kuma aikin da aka ɗora mini a gidanmu na Karaye shi ne shanya batir. Da hantsi in kwashe guda huɗu daga cikin rediyon Baffa, in jera su a kan katangar zaure inda rana ke duka, da la'asar in tattaro su da ɗuminsu in mayar. Baffa tela ne, ƙanen mahaifina, shi ya ɗinka wa rediyon riga da ragowar shadda don kada ƙura ta shige ta. Eriyarta ta karye tun ban yi wayo ba, sai ya ɗaura mata siririyar waya ya rataye a reshen darbejiyar ƙofar gida. Da wannan waya muke kamo London.

Ranar 17 ga Janairu jiragen Amurka da ƙawayenta suka fara ruwan bama-bamai a kan Iraƙi, wata biyar da rabi bayan Saddam Husaini ya mamaye Kuwaiti. Daga wannan daren zaurenmu ya daina isar mutane. Ana sallame isha'i za ka ga manoma da 'yan tireda da direbobin da suka dawo daga Kano sun taru, kowa ya ƙudundune cikin mayafi, ana jiran ƙarar agogon BBC. In an ce makamin Scud ya faɗa Tel Abib sai kabbara ta tashi. In an ce an rusa gada a Bagadaza sai ka ji tsaki da salati.

Baffa yana da wata ɗabi'a da take ƙona wa samari rai. In an gama labaran London ba ya kashe rediyo, ba ya kuma shiga musun da ake yi. Idan lokacin wata tasha ya yi sai ya murɗa a hankali, kunnensa manne da akwatin, yana ratsa shuuu da ƙugin gajeren zango, har ya kamo Jamus, ko Muryar Amurka, ko Kaduna. Wani dare wani yayanmu ya ce, "Haba Baffa, ai mun ji. Me kuma za a nema wajen Amurka, su da ke jefa bam ɗin?" Baffa bai ɗago ba ya ce, "Kai yaro, ko alkali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin wanda ake ƙara. Bari in ji abin da suka faɗa, in kuma ji abin da suka tsallake."

Ba zan ce samarin nan ba su da hujja ba. Suna da ita, kuma tarihi ya ba su gaskiya a wurare da yawa. A watan Oktoban 1990 an kawo wata yarinya gaban 'yan majalisar Amurka tana hawaye, ta ce da idonta ta ga sojojin Iraƙi suna fidda jarirai daga kwalaben asibiti a Kuwaiti suna yasar da su a ƙasa. Labarin ya zagaye duniya, shugabanni suka riƙa kafa hujja da shi. Sai bayan an gama yaƙi aka gano 'yar jakadan Kuwaiti a Amurka ce, kuma wani kamfanin tallata manufa ne ya shirya fitowarta. Ranar 13 ga Fabrairun 1991 kuwa aka jefa bam a maɓoyar Amiriyya da ke Bagadaza, mutum fiye da 400 suka ƙone, yawancinsu mata da yara, alhali masu jefawar suna cewa cibiyar soja ce. Mutumin Karaye bai karanta ilimin aikin jarida ba, amma ya san mai kaya ba ya kushe kayansa. Ya kuma san BBC, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957, a wancan lokacin kuɗin gwamnatin Ingila ne ke riƙe da sashenta na ƙetare, kuma sojojin Ingila suna cikin yaƙin.

Inda muka yi sake shi ne ɗaya ɓangaren. Rariyar da muke tace labarin Amurka da ita, ba mu taɓa zuba labarin Saddam a cikinta ba. A shekarar nan hotonsa ya cika gilasan motocin haya da shagunan aski, kuma a Kano da kewayenta an raɗa wa jarirai da dama sunansa. Ban tuna ranar da wani a zaurenmu ya ambaci Halabja ba, garin Kurdawa da ya sa aka watsa wa iska mai guba a watan Maris na 1988, mutum kusan 5,000 suka mutu, Musulmi masu kallon alƙibla irin tamu. Ba mu kuma lissafa shekara takwas da ya kwashe yana yaƙar Iran ba, da goyon bayan waɗannan ƙasashe da muke tsine wa. Ya ce zai yi uwar yaƙoƙi, muka gaskata. Da aka shiga ta ƙasa, kwana huɗu kacal aka yi, ranar 28 ga Fabrairu komai ya ƙare. Na tuna wani dattijo da ya rantse cewa dabara ce, sojojin Iraƙi ja da baya suka yi irin na rago. Baffa ya dube shi, ya ci gaba da taka kekensa.

Shekara goma bayan haka ina ɗalibi a Kano, ranar 7 ga Oktoban 2001, Amurka ta fara kai hari Afganistan, ramuwar harin da aka kai mata a New York. Ranar Juma'a 12 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, jama'a suka fito zanga-zanga. Ina cikinsu, kuma har yau ban ga laifin fitowar ba. Talakan da aka rusa wa gida a Kandahar bai san inda New York take ba, kuma wanda ya ce a daina kashe shi ya faɗi gaskiya. Amma kafin gari ya waye sau biyu abin ya rikiɗe. Ranar Asabar aka wayi gari ana sara da ƙone-ƙone a wajejen Sabon Gari, aka kashe mutane, aka ƙona shaguna da wuraren ibada, aka sa dokar hana fita. 'Yan sanda suka faɗi nasu adadin mamatan, waɗanda suka kwashi gawa suka faɗi wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. An bar jaki an daki taiki. Mai sayar da kayan gyaran mota da aka ƙona wa shago ba shi ya tuƙa jirgi zuwa Kabul ba, yaron da harsashi ya samu a kan titi bai rage wa Afganistan bam ko ɗaya ba.

Abin da na fi riƙewa daga waɗannan kwanaki shi ne yadda labari ke tafiya. Wayar salula ba ta fi wata biyu da shigowa Nijeriya ba, tana hannun masu kuɗi. Labari a bakin 'yan acaɓa da fasinjojin tasha yake yawo, kuma duk unguwar da ya ratsa sai ya ƙara ƙiba. Da na samu mota na koma Karaye, na tarar mahaifiyata ta kwana biyu ba ta runtsa ba, domin an gaya mata an ƙone unguwar da nake gaba ɗaya. Ko taga ba a fasa a layinmu ba. Wanda ya kawo mata labarin bai yi niyyar ƙarya ba, shi ma ji ya yi, ya kuma ga ya dace da abin da zuciyarsa ke tsoro.

Yaƙin Iraƙi na 2003 ya same mu da kunnuwa fiye da na da. Rediyon Tehran na magana da Hausa, kuma ya samu masu sauraro sosai, domin yana faɗin abin da sauran ke taunawa kafin su furta. Jaridar Al-Mizan na zuwa daga Zariya, a karanta ta a teburin mai shayi har ta yage. Masu hali sun kafa tauraron ɗan'adam, ana tada janareta a kalli Aljazira, wanda ya yi makarantar Islamiyya mai zurfi ya zama tafinta. A nan na fara ganin yaƙi da idona: asibitin Basra, uwa riƙe da takalmin ɗanta, kasuwar da bam ya mayar rami. Waɗannan hotuna ba su cika fitowa a tashoshin da wakilansu ke tafe cikin motocin sojan Amurka ba. Ranar 8 ga Afrilu aka kai wa ofishin Aljazira na Bagadaza hari, wakilinta Tariƙ Ayyub ya rasu. Duk mai cewa neman wata kafa son zuciya ne kawai, to bai ga abin da muka gani ba.

A wannan karon ma ba mu kaɗai ba ne. Ranar 15 ga Fabrairu, tun kafin a harba harsashi na farko, miliyoyin mutane sun fito a London da Rum da Madrid da wasu biranen suna cewa ba su yarda ba. Wannan ya ba dattawan garinmu mamaki ƙwarai, domin sun ɗauka duk Bature bakinsa ɗaya da shugaban Amurka Bush. A Kano an yi jerin gwano, a masallatanmu an yi alƙunutu. Kuma masu ƙin yaƙin su suka yi gaskiya. Makaman ƙare dangi da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya je gaban Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairu yana nuna hotunansu, ba a samu ko ɗaya ba. A 2004 hotunan kurkukun Abu Ghuraib suka fito, a shekarar kuma Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya faɗa wa BBC cewa yaƙin ya saɓa wa dokar majalisar.

Sai dai mun sake faɗawa ramin da muka faɗa a 1991. Ministan watsa labaran Iraƙi, Muhammad Sa'id al-Sahhaf, kullum yana fitowa da hularsa ta soja yana cewa an karkashe Amurkawa, ba su ma kusanci Bagadaza ba, alhali tankokinsu na tsallaken kogi. Mun so maganarsa, don haka muka saye ta ba tayi. Ranar Laraba 9 ga Afrilu, ana zafin bazara, ga hayaniyar zaɓe saura kwana uku, muna cunkushe a wani ɗakin kallo, muka ga an ɗaura wa gunkin Saddam sarƙa a dandalin Firdausi an jawo shi ƙasa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Wani ya ce haɗin hoto ne. Na je gida na gaya wa Baffa, wanda a lokacin ido ya fara yi masa rauni har ya bar ɗinki. Ya ce tun shekaranjiya ya sani, domin London da Jamus da Tehran duk sun ambaci filin jirgin saman Bagadaza, kowa da irin lafazinsa, kuma in masu gaba da juna suka haɗu a kan abu ɗaya, to abin ya faru. Ya ƙi yaƙin nan fiye da mu duka, na sha ganinsa yana share hawaye a alƙunutu. Ƙin yaƙin bai sa ya ba wa kunnensa cin hanci ba.

Rashin yardar da ƙaryar manyan ƙasashe ta shuka bai tsaya a Iraƙi ba, ya biyo mu har tsakar gida. A shekarar 2003 ɗin aka dakatar da rigakafin shan inna a Jihar Kano, bisa zargin an sa wa maganin abin hana haihuwa. Mutane na cewa wanda ya yi ƙarya don ya rusa Bagadaza, me zai hana shi yi don ya rage mu? Ga kuma tabon gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 bai warke ba. Sai a watan Yulin 2004 aka dawo da rigakafin, bayan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Akwai wani saurayi a unguwarmu, haihuwar wannan lokacin, da ke tafiya a keken guragu. Duk sanda na gan shi yana tura kansa cikin yashi sai in tuna cewa ni ma ina cikin masu cewa a rufe ƙofa in masu ɗigon sun zo.

Yau kowane yaro a Karaye da Rogo yana da tasha a aljihunsa. Amfanin haka ba kaɗan ba ne. Daren 3 ga Disambar 2023, da jirgi maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hotunan da ke yawo a wayoyi da bakin waɗanda suka tsira sun riga kowace sanarwa isa ga jama'a, rundunar sojan ƙasa kuma ta amsa cewa nata ne. Da a zamanin rediyon Baffa ne, da wuya labarin ya fita da wannan saurin. Abin da ake yi wa mutanen Gaza ma ta nan muke ganinsa, daga hannun waɗanda abin ke faɗa wa. Amma ta wannan ƙofar ce kuma ake turo mana bidiyon wasan kwamfuta a ce jirgin yaƙi aka harbo, ko gawawwakin wata ƙasa na shekarun baya a ce na jiya ne a garin maƙwabta, a ƙasa an rubuta a tura wa mutum goma don Allah.

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya shigo da gudu, waya a hannu, ya ce, "Kawu, ka ga abin da ya faru?" Na karɓa na kalla, abin ya taɓa ni, har yatsana ya kai kan alamar turawa. Sai na tambaye shi wa ya ɗauka, a wane gari, yaushe. Ya ce a wani zauren WhatsApp ya gani. Na ce ya zauna mu duba London da Jamus da Faransa da jaridun gida tukuna, mu ga ko akwai wanda ya ambata. Ya zauna yana ƙunƙuni, kamar yadda yayanmu ya yi a zauren nan shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Baffa ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Rediyon na nan a ɗakina cikin rigarta ta shadda, wadda ta koɗe har ba a gane launinta. Darbejiyar ma na nan, kuma ragowar wayar tana maƙale a reshen, itacen ya girma ya haɗiye rabinta.