Alherin Mai Wucewa

Babu mutumin da ransa ba ya ɓaci. Sarki ransa yana ɓaci, talaka ma haka, har yaron makaranta akwai ranar da yakan tashi fuska a murtuke. Wata rana faɗa aka yi masa a gida, wata rana lissafi ne ya ƙi fita, wata rana kuwa shi kansa bai san dalili ba. Magungunan ɓacin rai suna da yawa, amma akwai guda wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne ɗan ƙaramin alherin da mutum yakan samu daga wanda bai sani ba.

Ga misali. Yarinya mai tallar gyaɗa ta yi tuntuɓe a bakin kasuwa, faifai ya kife, gyaɗa ta watse. Ga hasara, ga kunya, ga tsoron abin da za ta gaya wa uwarta. Sai wani mai wucewa ya tsuguna, ya taya ta tsincewa, ya aza mata faifan a ka, ya ce, "Sannu, 'yammata, yi haƙuri." Ya kama hanyarsa. Ko anini bai ba ta ba, gyaɗar da ta faɗa kwata kuma ba ta dawo ba. Duk da haka yarinyar ta share hawaye, ta ci gaba da tallarta, zuciyarta ta yi sanyi.

Me ya sa abu kaɗan haka yake da wannan ƙarfi? Dalili shi ne, mai ɓacin rai yakan ga kamar duniya duka ta juya masa baya. In uwarsa ta rarrashe shi zai ji daɗi, amma ya san da ma halin uwa ke nan. In abokinsa ya taimake shi, yana iya cewa ramuwa ce, don shi ma ya taɓa yi masa. Mai wucewa kuwa ba a binsa bashi, ba ya jiran tukwici, watakila ma ba za su sake haɗuwa ba har abada. Saboda haka alherinsa ya zama shaida ga mai ɓacin rai cewa har yanzu akwai mutanen kirki, kuma an gan shi, an kula da shi.

Kakannin Hausawa sun san wannan sarai. Shi ya sa akan ajiye randa da moɗa a ƙofar gida ko a gindin bishiya, domin duk mai ƙishirwa ya sha, ba a tambayar sunansa ko garinsu. Shi ya sa matafiyi ba ya wuce manomi a gona sai ya ce masa, "Sannu da aiki." Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, alhazan da suke tafiya Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan kuwa waɗansu har shekaru sukan yi. Da yawa cikin waɗanda suka ba su ruwa, suka nuna musu hanya, ba su taɓa ganinsu ba. Malamai kuma suna koyarwa cewa sakin fuska ga mutum sadaka ce, haka kawar da ƙaya daga hanya.

Akwai masu cewa, "Ina amfanin sannu ga mai jin yunwa?" Suna da gaskiya ta wani gefe. Gaisuwa ba ta cika ciki, ba ta biyan bashi. Baƙin cikin da ya daɗe kuma, har ya hana yaro ci ko barci, wajibi ne a gaya wa iyaye ko malami, domin a nemi magani. Amma kuskure ne a raina ƙaramin alheri don bai warkar da kome da kome ba. Sau da yawa mai yin alherin ne yake raina shi, wanda aka yi wa kuwa ya san girmansa.

Waɗansu malaman jami'a biyu a Amurka, Amit Kumar da Nicholas Epley, sun gwada wannan, suka bayyana abin da suka gano a shekarar 2022. A wani lambun shaƙatawa na birnin Shikago, lokacin sanyi, suka ba mutane kofin cakulan mai zafi, suka ce wanda ya ga dama ya bayar a miƙa wa wani da bai sani ba. Daga nan suka tambayi masu kyautar yadda suke zaton waɗanda aka ba za su ji, suka kuma tambayi waɗanda aka ba. Ashe murnar masu karɓa ta fi yadda masu bayarwa suka zata. Mai bayarwa kofin yake dubawa, ya ga bai kai kome ba. Mai karɓa kuwa zuciyar da ta tuna da shi yake dubawa.

Sai dai yaro ya yi hattara. Alherin gaskiya a fili ake yinsa, kuma ba a neman kome a bayansa. Duk wanda ya ba yaro alewa ko kuɗi, ya ce ya bi shi wani wuri, ko ya ce kada ya gaya wa kowa, wannan ba mai alheri ba ne. Yaro ya guje shi, ya sanar da manya.

To, yaron makaranta ba shi da dukiya, amma yana da abin bayarwa kullum. Yana iya nuna wa baƙo hanyar tasha, ya tsallakar da makaho titi, ya tashi ya ba tsoho wurin zama a mota, ya taya tsohuwa sauke kaya. Bai san irin damuwar da suka fito da ita daga gida ba, watakila taimakonsa ne abin daɗin da suka fara gani tun safe. Shi ma in ya tashi da ɓacin rai, ya gwada yi wa wani haka, zai ji nasa ya ragu. Gaskiyar Hausawa da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.