Laifi Tudu Ne: Marubuci da Manhajar Sata

Babu taron marubuta da za a yi a tashi ba a tsine wa ɓarayin littafi ba. Wannan ya miƙe ya ce an kwafe littafinsa ana rabawa a WhatsApp, waccan ta ce ana karanta nata a YouTube ba da izininta ba, kowa ya yi Allah-ya-isa, a shafa fatiha a watse. Ni ma ina cikin masu wannan kuka, kuma ba ni da niyyar dainawa. Amma ina da tambaya guda wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba: shin manhajar da ka buga littafin naka da ita, nawa ka saye ta? In dai wani yaro ne a kasuwa ya ɗora maka Microsoft Word a kan abin da bai kai kuɗin katin waya ba, to malam, kai ma kana sahun waɗanda kake tsine wa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, daidai da yadda take kare ƙagaggen labarinka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na san za a ce ai talauci ne, marubucin da bai mai da kuɗin bugu ba ina shi ina biyan kuɗin manhaja duk shekara? Da a ce babu wata hanya, da na kama bakina. Amma hanyar tana nan, kuma ta girmi da yawa daga cikin mambobinmu. Tun a 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin da ya kira GNU, a 1985 ya kafa gidauniyar manhajar 'yanci. Ƙa'idarsu ita ce mutum ya sami damar yin amfani da manhaja yadda ya so, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara ta, ya kuma raba wa jama'a. Wato kwafa wa ɗan'uwanka irin wannan manhaja halal ne, masu ita ma so suke ka yi hakan.

Daga cikin irinsu akwai LibreOffice, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010. Duk abin da marubuci ke nema wajen buga rubutu da tsara shafi tana yi, tana kuma buɗe fayil ɗin Word. Sannan akwai waɗanda don mai ƙagaggen labari kaɗai aka yi su, kamar novelWriter, wadda Veronica Berglyd Olsen ta ƙasar Norwe ta gina, da kuma Manuskript. Ita yWriter, ta marubuci Simon Haynes na Ostareliya, kyauta ake ɗaukar ta a kwamfuta, sai dai ba a sakar wa jama'a ita su gyara ba, don haka kyauta daban, 'yanci daban.

To, me waɗannan ke yi da Word ba ya yi? Maimakon ka zuba littafi mai shafi 400 a fayil guda kamar an juye buhun gero a tsakar gida, sai su raba maka shi babi-babi, kowane babi fage-fage. Kowane tauraro yana da katinsa: sunansa, shekarunsa, danginsa, abin da yake nema. A novelWriter kana sa alama a kan kowane fage, sai ta fito maka da jadawalin da zai nuna wa ya fito a ina, kuma ta idon wa ake ba da labarin. Manuskript kuwa za ta fara da neman ka faɗi labarinka a jimla ɗaya, sannan a sakin layi, sannan a shafi. Wanda ya kasa cika wannan jimla ɗaya, to ya sani bai riga ya san abin da yake rubutawa ba.

Kuma a nan ciwonmu yake. Kwanakin baya wani matashi ya ba ni daftarin littafinsa in duba. A babi na 6 mahaifin jarumar ya rasu, har an yi sadakar bakwai, a babi na 21 sai ga shi yana karɓar sadakinta. Da na nuna masa sai ya ce wallahi ya manta, don wata takwas ke tsakanin rubuta babin biyu, kuma duk a waya ya yi su, yana turawa masu karatu kullum dare. Yaron yana da basira, Hausarsa ma ta fi ta wasu manyanmu daɗi. Abin da ya rasa shi ne inda zai tsaya ya hangi littafinsa gaba ɗaya. Irin wannan ɓaraka ce ta sa tun a shekarun 1990 masu sukar adabin kasuwar Kano suka sami abin kamawa, kuma har yau ba mu ɗinke ta ba.

Wani dattijo zai ce ai Abubakar Imam bai san kwamfuta ba, ya kuma rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Haka ne. Amma Imam yana da Rupert East da hukumar talifi a Zariya, masu karanta masa aiki su ce gyara nan, rage can. Marubucin yau shi ne mai rubutu, shi ne edita, shi ne mai bugu, shi ne ɗan talla. Manhaja ba za ta zama masa edita ba, ba kuma za ta ba wa wanda ba shi da labari labari ba. Iyakarta ta riƙe masa lissafi, kuma wannan ma ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda ba shi da kowa.

Wata kuma za ta ce ita a waya take rubutu. Wannan magana ce mai nauyi, domin novelWriter da Manuskript na kwamfuta ne. Amma ko a wayar Android akwai Markor da Collabora Office, duka na 'yanci, masu ajiye rubutu a cikin wayarki a matsayin fayil da za ki iya kwafewa zuwa wani wuri. Abin da nake yaƙi da shi shi ne a ce kwafin littafin mutum ɗaya tilo yana zaune a dandalin wani kamfani. OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka sayar da littattafai, ya rufe a ƙarshen 2023. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mu Hausawa ma mun fi kowa sanin wannan. A shekarun 1990 sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera mana haruffa na musamman kafin mu iya buga ƙ da ɗ da ɓ, kuma ya yi mana babban aiki. Sai dai duk fayil ɗin da aka buga da irin waɗannan haruffa, in aka buɗe shi a na'urar da babu su, sai wasu alamomi su maye gurbinsu. Yau tsarin Unicode ya ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa ta dindindin, kuma novelWriter tana ajiye kowane fage a rubutu zalla, wanda ko an daina yin manhajar gobe, kowace kwamfuta za ta karanta shi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ware zama guda daga cikin zaman karatu na wata-wata, a kawo waɗannan manhajoji a filasha, a ɗora wa duk mai so, a koya masa. Kuma tunda lasisinsu ya yarda a fassara su, mu da ke tutiya da harshe mu ya kamata mu zauna mu mai da umarninsu cikin Hausa. Wanda ya ƙi wannan ya ci gaba da amfani da kayan sata, ruwansa, amma don Allah in an zo tsine wa ɓarayin littafi a taro na gaba, ya sassauta murya.

Allah ya sa mu gyara.