JIRGIN DARE DA HUTUN KWANA BIYU

Jama'a, wani akawu ya aiko mini da takarda yana kuka, ya ce hutun Asabar da Lahadi ba ya isar mutum ya fita gari ya sha iska, don hanya ta cinye yini guda a zuwa, ta cinye guda a komowa. Gaskiyarsa. Amma bari in ba shi labarin dabarar da na gani a ƙasar Turawa, ko ma samu abin koyi.

A Landan akwai wata tasha ana ce da ita Euston. Kowane dare, ban da daren Asabar, wajen ƙarfe 9 wani jirgin ƙasa ya kan tashi daga nan ya nufi arewa, ƙasar Sikotilan. Cikinsa akwai ɗakuna da gadaje, akwai kuma kujeru don mai ƙaramin ƙarfi, gama kuɗin ɗaki ba kaɗan ba ne. Ni kujera na shiga, ran Jumma'a bayan an tashi aiki. Can cikin dare, a Edinbara, aka raba jirgin uku, kowane yanki ya kama hanyarsa. Namu ya nufi Fort William.

Da gari ya waye na leƙa, ba gida ba gona, sai duwatsu da fadama iyakar ganin ido. Wannan fadama ita ce Rannoch. Sa'ad da a ke gina hanyar, wadda aka buɗe a 1894, ƙasar ta ƙi ɗaukar nauyi, sai aka shimfiɗa rassa da saiwoyin itatuwa, aka zuba ƙasa da toka a kai, sa'an nan aka ɗora dogo. Har yau a kansu jirgi ke wucewa.

Wajen ƙarfe 9 na safe na sauka a Corrour. Tsayinta daga bakin teku ƙafa 1,340, duk manyan hanyoyin jirgin Birtaniya ba tashar da ta kai ta bisa. Hanyar motar haya ba ta zuwa nan, sai jirgi ko ƙafa. Kamar mil guda daga tasha, a bakin wani tafki mai suna Ossian, akwai ɗan masauki na katako, tun 1931 ya ke karɓar matafiya. Ba kuku, ba boyi. Kowa ya zo da guzurinsa ya dafa, ya wanke tukunyarsa, ya gyara shimfiɗarsa. Na ga malamin makaranta da likita suna jiran murhu ɗaya, ba wanda ya ce wa wani ka san ko ni wane ne.

Yini biyu na yi. Na kewaye tafki, na hau tudu, na ga bareyi garke guda suna kiwo. Wahalar wurin ita ce ruwan sama mai zuwa ba sallama, da waɗansu ƙananan ƙwari masu cizo a watannin zafinsu. Ran Lahadi da dare jirgin ya biyo, na shiga, wajen ƙarfe 8 na safiyar Littinin ga ni a Landan. Watau tafiya ta ci dare biyu, waɗanda dā ma na barci ne, yini biyu kuwa suka zama nawa.

To, abin lura a nan, wannan masauki ba kyaun duwatsu kaɗai ya raya shi ba. Abin da ya raya shi jirgi ne mai cika alkawari. Ma'aikacin da ba shi da tabbacin isa ofis ran Littinin ba zai yarda ya bar gari ran Jumma'a ba, komi kyaun wurin.

Mu kuwa duwatsu ba su yi mana ƙaranci ba. Garin Jos ya ninka Corrour tsayi wajen sau uku, sanyinsa kuma sananne ne, shi ya sa tun dā Turawa su ke zuwa can hutu. Ƙaramin jirgin Zariya ya isa can a 1914, babban dogo ya biyo ta Kafanchan a 1927, aka rufe ƙaramar hanyar a 1957. Yau mai son hutawa a Jos mota ya ke shiga, ya isa a gajiye, ya komo a gajiye.

Saboda haka ina roƙon masu shawara a kan gyaran hanyoyin jirgi, in ana lissafin kaya da hatsi, a tuna da jirgin dare don ma'aikata. Jiki magayi ne: malamin da ya huta ya fi haƙuri da yara, akawun da ya huta ya fi kiyaye lissafi. Wanda ke da wani ra'ayi ya aiko da shi a buga, mu ji.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.