Sikana Ɗaya Ta Isa Gida, In An Iya Zaɓe

A babban gida irin na Bacirawa, a arewacin Kano, ba a haƙa wa kowane sashe rijiyarsa. Ɗaya ake yi a tsakar gida, kowa ya kawo gugansa. Haka ya kamata sikana ta kasance. Sai dai a gidan da malamin makaranta ke riƙe da kwamfuta mai Windows, ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ke da MacBook, ɗansu ɗalibi kuma ya ɗora Linux a tsohuwar kwamfuta, sau da yawa mutum ɗaya kaɗai na'urar ke yi wa aiki.

Dalilin yana da tarihi. Firinta karɓar aiki take yi, shi ya sa Windows ya daɗe da iya raba ta tsakanin kwamfutoci. Ita kuwa sikana sai an yi ta musayar umarni da ita, kuma kowane tsari da yarensa. An kafa TWAIN a 1992, Microsoft ya kawo WIA a 2000, masu Linux suna da SANE, Apple kuma na da nasa. Har yau Windows ba ya raba sikanar da aka jona masa da wayar USB kamar yadda yake raba firinta.

Abin da ya warware ƙullin shi ne yaren da ake kira eSCL, wanda Apple ya yaɗa da sunan AirScan. Ƙungiyar Mopria, wadda Canon da HP da Samsung da Xerox suka kafa a 2013, ita ke wallafa ƙa'idojinsa. Sikanar da ta iya shi takan sanar da kanta a kan Wi-Fi na gida. Mac zai gan ta ba tare da an ɗora masa komai ba, Linux zai gan ta ta hanyar sane-airscan, wayar Android kuma ta manhajar Mopria Scan. Tsohuwar sikana mai USB ma ba ta zama shara ba: manhajar NAPS2, wadda kyauta ce, tana iya raba ta da wannan yare, muddin kwamfutar da aka jona ta tana kunne.

Wannan sharaɗin ba ƙarami ba ne a inda wuta ke zuwa ta ɗauke, batirin sola kuma ake lallaɓa shi da dare. Don haka mai shirin saye ya fara da tambayar ko na'urar tana jin eSCL kafin ya tambayi farashi. Wadda ta dogara kacokan ga manhajar kamfaninta, ranar da kamfanin ya daina sabunta manhajar, aikinta ya fara ƙarewa ko da gilashinta bai tsage ba. Araha ba ta ado.

Za a ce kyamarar waya ta wadatar. Ga rasidi ko takardar gayyata, gaskiya ne. Amma takardar cinikin gona da tawadarta ta koɗe, ko ta rabon gado da aka rubuta da ajami, tana buƙatar shimfiɗa a kan gilashi da haske daidai, don hatimi da sa hannun shaidu su fito. A yankin da gonaki ke manne da juna, birni kuma ke ta matsowa, irin wannan takarda ce ke raba gardama.

Akwai kuma batun sirri. Duk takardar NIN ko sakamakon NECO da aka kai shagon kwamfuta, kwafinta na iya kwana a na'urar da mai takardar ba shi da iko da ita. Sikanar gida na rage wannan haɗari, amma da sharaɗi: galibi eSCL ba ya neman kalmar sirri, don haka duk wanda ya shiga Wi-Fi ɗin zai iya ɗaukar hoton abin da aka manta a kan gilashi. Maganin shi ne a ware wa baƙi layinsu daban, a kuma ɗauke takarda da zarar an gama.

Gidan da ya yi wannan tanadi ya sayi na'ura ɗaya maimakon uku, takardunsa kuma ba su fita daga zaure ba.