Jiragen soja ba sa biyan kuɗin sararin sama, to wa ke biya?

Ranar 16 ga Maris 2024, da kakakin majalisar CNSP, Kanal-manjo Amadou Abdramane, ya sanar da soke yarjejeniyar soja tsakanin Nijar da Amurka, hankalin jama'a ya fi karkata ga ficewar sojoji. Amma cikin dalilan da ya kawo akwai na kuɗi. Ya ce yarjejeniyar, wadda ta samo asali daga wata takarda ta 6 ga Yuli 2012, ta tilasta wa Nijar biyan harajin da ya kamata jiragen sojan Amurka su biya, wanda a cewarsa ya kai biliyoyin sefa.

Duk jirgin fasinja ko na kaya da ya ratsa samaniyar Nijar yana biyan kuɗin jagora, gwargwadon nauyinsa da nisan tafiyarsa. Hukumar ASECNA, da aka kafa a 1959 mai hedkwata a Dakar, ita ce ke karɓa. Da kuɗin ake biyan masu yi wa matuƙa jagora daga cibiyar Yamai, a gyara na'urori, a horar da ma'aikata a makarantar EAMAC.

Jirgin soja kuwa hukuncinsa daban ne. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ware jiragen soja da na kwastan da na ƴan sanda a matsayin jiragen gwamnati: ba sa shiga samaniyar wata ƙasa sai da izininta, kuma ƙasashen biyu ne ke tsara sharuɗɗan. Amurka ta saba neman a yafe wa jiragen sojanta waɗannan kuɗi a ƙasashen da ta girke dakaru.

Sai dai yafe kuɗi ba ya rage aiki. Mai jagora zai kwana yana raba hanya tsakanin jirgin soja da na alhazai, ko an biya ko ba a biya ba. Giɓin kan faɗa kan baitulmali, ko kan kamfanonin jirage, su kuma su ɗora wa fasinja a tikiti. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta ce ƙasar da ta yafe wa wani jirgi, ita za ta biya hukumar da ta yi masa aiki.

Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, na Amurka sun bar sansanin Agadas a Agusta 2024. Amma Nijar na ƙulla sabuwar hulɗar soja da Rasha, da kuma Mali da Burkina Faso cikin ƙawancen AES, kuma jiragen soja ba za su daina sauka ba. Ƙasa na iya yafe wa abokiyar da ke taya ta yaƙi da ta'addanci. Abin da ƙorafin 2024 ya koyar shi ne a rubuta ƙarara wanda zai biya, a sa adadin cikin kasafin kuɗi inda talaka zai gani. In ba haka ba, kukan da aka yi kan takardar 2012 za a sake yin sa kan wata.